Me Ya Sa Kwanon Rufin Yanzu Ke Saurin Tsatsa? Fashin Baƙi Kan Lulluɓin Tutiya

Duk shekara idan damina ta kunno kai, tambaya ɗaya ce ke dawowa bakin masu gidaje da kafintoci: me ya sa kwanon yanzu ba ya ƙarko? Za ka ga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ko makarantar da aka rufe tun zamanin Turawa, kwanon ya yi duhu amma har yau ba ya yoyo, alhali gidan da aka tare a cikinsa shekara huɗu ko biyar da suka wuce tsatsa ta fara zubo masa ja a jikin bango. Wasu su ce yanayi ne ya sauya, wasu su ce laifin kayan waje ne, wasu kuma su ɗora wa kafinta. Kowane yana da ɗan abin kamawa, sai dai tushen amsar yana cikin wani abu da ido ba ya iya aunawa, wato yawan tutiyar da aka lulluɓe ƙarfen da ita.

Mutane da dama suna ɗauka kwanon rufi tutiya ce zalla, ƙarfen nan da 'yan kasuwa ke kira zink. Kwano baƙin ƙarfe ne da aka murje ya yi siriri, sannan aka yi masa riga ta tutiya ciki da waje. Haka abin yake ga bututun ruwa mai launin toka, da bokitin ƙarfe, da wayar shinge, da turakun fitilun kan titi, da dogayen ƙarafan da ke ɗauko wayoyin lantarki daga Kainji da Shiroro. Kusan rabin tutiyar da duniya ke samarwa a wannan aiki take ƙarewa. Kuma maganar ba ƙarama ba ce: a 2016 ƙungiyar injiniyoyin yaƙi da tsatsa ta NACE ta ƙiyasta cewa lalacewar ƙarafa tana ci wa duniya kimanin dala tiriliyan 2.5 a shekara, wajen kashi 3.4 cikin ɗari na arzikin da ake samarwa.

## Mece ce tsatsa, kuma me ke kawo ta?

Ƙarfe daga tama aka fitar da shi, bayan an sha wahalar raba shi da iskar oksijin a cikin wuta mai tsanani. Tun daga ranar da ya fito daga maƙera yake neman komawa yadda yake a ƙasa. Da zarar ya samu danshi da iska tare, sai ya fara haɗuwa da oksijin, abin da ya fito shi ne tsatsa. Idan babu ɗaya daga cikin biyun, tsatsa ba ta samun gindin zama. Shi ya sa fartanyar da aka rataye a busasshen ɗaki take shekara lafiya, wadda aka manta a gona kuwa kwana kaɗan ta yi ja. Gishiri da tsami suna ƙara wa abin sauri.

Babban aibin tsatsar ƙarfe shi ne ba ta kamewa. Tana kumbura, ta tsage, ta ɓanɓare, ta buɗe sabon ƙarfe, sannan ɓawon nata ya riƙe danshi. Ta haka take ci har ta huda.

## Yadda tutiya ke kare ƙarfe

Kariya ta farko kowa ya gane ta: riga ce da ke hana ruwa da iska taɓa ƙarfen. Ita ma tutiyar tana lalacewa, amma lalacewarta daban take. Idan ta sha iska da raɓa tana bushewa, sai wani siririn ɓawo mai launin toka ya kame a jikinta, wanda ruwa ba ya saurin wankewa, shi ne kuma ke rage saurin cinta ƙwarai. Saboda haka kwanon da ya daina ƙyalli ya koma toka-toka bai lalace ba, a lokacin ne ma ya zauna daram. Mai saye da ke bin ƙyalli yana bin abin da ba zai wuce 'yan watanni ba.

Kariya ta biyu ita ce abin mamakin, kuma ita ta bambanta tutiya da fenti. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu kuma akwai danshi tsakaninsu, sai su zama ɗan ƙaramin batir, ɗaya daga cikinsu ya riƙa narkewa a madadin ɗayan. Tsakanin tutiya da baƙin ƙarfe, tutiya ce ke narkewa. Ko da ƙusa ta karce kwano har ƙarfen ciki ya bayyana, tutiyar da ke gefen karcen za ta riƙa ba da kanta fansa, ƙarfen ya tsira, muddin faɗin wurin bai wuce 'yan milimita kaɗan ba. Fenti kuwa idan ya tsage, tsatsa ta ƙarƙashinsa take bi tana ɗaga shi.

Gwangwanin madara ko na tumatir yana nuna kishiyar wannan. Shi da kuza ake lulluɓe shi, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a Jos. Tsakanin kuza da baƙin ƙarfe a sararin iska, ƙarfen ne ke narkewa, shi ya sa gwangwanin da aka yar a bola da zarar ya karce sai tsatsa ta cinye shi da wuri.

Turawa sun ɗauki kusan ƙarni guda kafin su haɗa sanin da aikin. A 1742 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Paul Jacques Malouin, ya nuna wa majalisar masana ta ƙasarsu yadda ake tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya. A 1800 Alessandro Volta ya ƙera batir na farko da faifan tutiya da na jan ƙarfe, yana ƙoƙarin bayyana abin da Luigi Galvani ya gani a gwajinsa da ƙafafun kwaɗi. A 1824 Humphry Davy ya liƙa guntayen tutiya da na ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ke ƙasan jiragen ruwan yaƙin Ingila, cin da ruwan teku ke yi masa ya tsaya. Sai a 1837 Stanislas Sorel ya yi rajistar dabarar lulluɓin a Faransa, ya raɗa mata suna daga sunan Galvani, wato abin da ake kira galvanising a Turance. Kwano mai tudu da kwari kuwa Henry Palmer ne ya yi rajistarsa a Landan a 1829, daga baya aka haɗa dabarun biyu, kwanon rufi ya bazu duk inda jiragen Turawa suka kai. Gadar Brooklyn ta birnin New York, wadda aka buɗe a 1883, da wayoyin ƙarfe masu rigar tutiya aka rataye ta, kuma manyan igiyoyin nata suna nan suna aiki.

## Ba kowane lulluɓi ne ɗaya ba

Nan ne ruɗani yake farawa, domin suna ɗaya ake kiran abubuwan da kaurin rigarsu ya bambanta ninki goma ko fiye.

Hanya mafi ƙarko ita ce tsoma kayan da aka riga aka gama ƙerawa. A masana'antar da ke wannan aiki, za a fara wanke turken ko ƙofar a ruwan soda don cire maiƙo, a tsoma shi a asid ya cinye tsatsa da ɓawon wuta, a ɗauraye, a sake tsoma shi a wani ruwan gishiri da ke sa tutiya ta kama, a busar. Daga nan ƙugiya ta ɗaga shi zuwa wani dogon kwami cike da narkakkiyar tutiya. Tutiya tana narkewa a digiri 420 na ma'aunin Salshiyas, kwamin kuwa ana riƙe shi a wajen 450. Da ƙarfen ya shiga sai saman ruwan ya ɗauki tafasa da tartsatsi da farin hayaƙi, har sai zafin ƙarfen ya yi daidai da na kwamin, komai ya lafa. Ma'aikata su share tokar da ta taso da dogayen matsefai, a zaro kayan a hankali yana ɗiga kamar azurfa. 'Yan mintoci ne kawai, amma a cikinsu tutiya ta shiga jikin ƙarfen, sun haɗu sun zama hawa-hawa na gauraye, waɗanda wasunsu sun fi ƙarfen kansa tauri, sannan tutiya zalla ta rufe daga sama. Shi ya sa irin wannan rigar ba ta ɓanɓarewa da duka ko ja a ƙasa. Duk bututu ko akwatin ƙarfe da za a tsoma dole a huda masa kafar fitar iska, in ba haka ba danshin da ke ciki zai koma tururi ya fashe, ya watsa wa mutane narkakken ƙarfe. Ƙa'idar duniya ta ISO 1461 ta ce ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6 ya samu rigar da ba ta gaza maikiron 85 ba a matsakaici. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Kwanon rufi ba haka ake yin sa ba. Tun shekarun 1930, bayan dabarar da injiniya ɗan Poland Tadeusz Sendzimir ya fito da ita, naɗin ƙarfe mai tsawon gaske ake warwarewa ya ratsa kwamin a guje. A injinan yanzu, yana fitowa sai wata iska mai ƙarfi ta share tutiyar da ta yi yawa. Mai masana'anta shi ke saita ƙarfin iskar, wato shi ke yanke shawarar ko rigar ta yi kauri ko ta zama shafe. Ana rubuta adadin da harafin Z: Z275 yana nufin gram 275 na tutiya a kowane murabba'in mita idan an haɗa fuska biyu, kimanin maikiron 20 ke nan a kowace fuska. Z100 bai wuce maikiron 7 ba, Z60 kuwa wajen 4. Ka ajiye fallayen nan uku a rana, duk ƙyallinsu ɗaya. Zanen fure-furen da ake gani a jikin wasu ma ba shaidar kauri ba ne, yanayin daskarewar tutiyar ne kawai.

Akwai kuma shafe na lantarki, wanda ake yi wa ƙananan ƙusoshi da notuna da hannun ƙofa. Yana da santsi da kyan gani, amma siriri ne, na cikin ɗaki ne. Sai feshin narkakkiyar tutiya da ake yi wa manyan kayan da ba za su shiga kwami ba, da fenti mai garin tutiya da ake gyara da shi.

## Lissafin shekaru

Rigar tutiya kamar hatsi ce a rumbu: kowace shekara ana ɗiba, kuma daɗewarsa ta danganta da yadda aka cika shi da yawan bakin da ke ci. Ƙa'idar ISO 9223 ta raba wurare gwargwadon yadda iskarsu ke cin tutiya. A busasshen ƙauye mai tsaftar iska, abin da ke tafiya a shekara bai kai maikiron ɗaya ba, tsakanin 0.1 ne da 0.7. A birni mai matsakaicin hayaƙi da danshi, daga 0.7 zuwa 2.1. Kusa da teku ko masana'antu, daga 2.1 zuwa 4.2, a bakin teku sosai kuma yana kai wa 8 har ya wuce.

To, a ɗauki wurin da ke cin maikiron ɗaya a shekara. Turken da aka tsoma mai maikiron 85 zai yi tsawon ran mutum. Kwano mai Z275 zai yi wajen shekara 20 kafin jan tsatsa ya bayyana. Mai Z60 kuwa shekara huɗu. A kai su gaɓar teku a Legas, inda iska ke ɗauke da gishiri, ko yankin Neja Delta, inda mazauna suka daɗe suna kukan cewa ruwan sama mai tsami daga ƙona iskar gas yana cinye musu rufi, sai shekarun nan su ragu ninki uku ko huɗu. Mu a Arewa da Jamhuriyar Nijar Allah Ya yi mana sauƙi ta wannan fuskar, domin watannin rani masu tsawo suna tsayar da tsatsa kusan cak. Wannan ne ma ya sa nake ganin idan kwano ya yi ja a Katsina ko Maraɗi cikin shekara uku ko huɗu, to, kafin a zargi yanayi a fara tuhumar rigar.

Bayan tutiya ta ƙare, saura kaurin ƙarfen. Tsofaffin unguwannin Ibadan sun yi suna da jajayen rufi, tutiyarsu ta tafi tun tuni, amma da yawa suna tare ruwa saboda ƙarfen da ke ƙasa yana da nama. Fallen da bai wuce milimita 0.15 ba kuwa, da tsatsa ta kama shi ba ta daɗewa take hudawa, ga shi kuma iska ta fi saurin yage shi daga bakin ƙusa. A yi adalci dai: tsofaffin rufin da muke gani yau su ne waɗanda suka tsira, marasa kyan cikinsu an daɗe da sauya su. Duk da haka bambancin kauri na gaske ne, duk kafintan da ya taɓa cire tsohon kwano ya ji nauyinsa a hannu.

## Laifin wa?

Masu masana'antu suna da hujjarsu. Naɗin ƙarfe da tutiya duk da dala ake sayo su, wutar lantarki da gas sun yi tsada, kuma kayan da ake shigowa da su ta bayan fage suna karya musu farashi. Wanda ya tsaya kan ƙa'ida sai kayansa su kwana a sito. Ɗan kasuwa shi ma zai ce abin da mutane ke nema yake kawowa, domin mai gini yakan iso wajen rufi ne aljihu ya riga ya huje, tambayarsa ɗaya ita ce nawa bandir. Mai saye kuma zai ce ai ba a ba shi zaɓi ba, tunda ba a rubuta komai a jikin kwanon da zai gane.

A nan nake ganin mai saye ya fi gaskiya. A kasuwa ana maganar geji, ana lanƙwasa gefen falle da yatsa, ana ɗaga bandir a ji nauyi. Duk wannan kaurin ƙarfe yake nunawa. Yawan tutiya ba ya cikin cinikin sam, kuma abin da ba a tambaya shi ne ake fara ragewa. Tsakanin Z275 da Z60 akwai gram 215 a kowane murabba'in mita. A kwanon da zai rufe murabba'in mita 150, kilo 32 ke nan na tutiya. Idan aka ƙaddara kilo a kan dala 3, wanda ya yi kusa da farashinta a kasuwar duniya a 'yan shekarun nan, kuɗin tutiyar bai kai dala 100 ba. Wannan ɗan abin ne ke raba rufin shekara 20 da na shekara huɗu, alhali sauya rufi yana cin kuɗin sabon kwano da ƙusa da ladan kafinta, wani lokaci har da katako da silin da ruwa ya ɓata. Sayar da siririyar riga ba laifi ba ne idan an faɗa, akwai rumfar wucin gadi da ba ta buƙatar fiye da haka. Sayar da ita da sunan mai kauri kuwa tauye mudu ne, ko da mudun ba ya ganuwa.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da tambarin MANCAP ga kayan cikin gida da takardar SONCAP ga na waje, kuma ta sha kama kwanukan da ba su cika ƙa'ida ba. Amma kame na lokaci-lokaci ba zai wadatar ba matuƙar mai saye ba ya iya karanta kauri da lambar Z a jikin kowane falle. Wani abin takaici kuma, ƙasar tana da duwatsun dalma da tutiya a yankin Abakaliki ta jihar Ebonyi da Zurak ta jihar Filato, amma galibi ɗanye ake fitar da su, a dawo a sayo tatacciya da dala.

Game da kwanon da ake kira aluzink: kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ne ya fito da shi a 1972, rigarsa kashi 55 cikin ɗari alminiyom ce, wajen kashi 43 tutiya, sauran silikon. A sararin iska ya fi tutiya zalla daɗewa idan kaurin ɗaya ne, amma ba ya shiri da ɗanyen siminti ko ɗakin dabbobi. Shi ma yana da lambarsa ta AZ, kuma shi ma ana iya rage masa riga. Kwano mai fenti kuwa ƙarkonsa yana ga abin da ke ƙarƙashin fentin.

## Ɓarnar da ake yi a wajen aiki

Ko kwano mai kyau ne, ana iya kashe shi kafin ya hau sama. Idan aka jibge bandir a ƙasa ruwa ya shiga tsakanin fallaye, iska ba ta ratsawa, ɓawon kariyar nan ba ya samuwa, sai ka buɗe ka tarar da farin gari kamar alli ya ci rigar. A ɗora shi kan katako, a karkace, a inuwa mai iska. Ƙusar da ba ta da riga ita ce ke fara tsatsa, ta janye tutiyar da ke kewaye da ita, shi ya sa jan layi yakan fara daga bakin ƙusa ya gangaro. Yanka da injin gurza yana ƙona rigar a bakin yankan, kuma tartsatsin da ya zuba kan kwanon garin ƙarfe ne da zai yi tsatsa a wurin, almakashin kwano ya fi. Ruwan da ya bi ta kan jan ƙarfe ya ɗiga a kwano yana cinsa. Ƙurar hunturu da ganyen da suka taru a kwari ko indararo suna riƙe laima. A ɗakin kaji da garke kuma, tururin kashi da fitsari daga ciki yake cin rufin, inda mai shi ba ya dubawa.

## Ƙarfen zubi fa?

Ƙarfen zubi shi ne wanda ake narkawa a zuba a cikin ƙira, irin na murfin kwalbati da jikin famfo da mahaɗan bututu. Yana ɗauke da sinadarin gawayi kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, ga silikon mai yawa. Saboda kaurinsa mutane suna ɗauka ba ya lalacewa, amma a cikin ƙasa mai danshi yana da wata muguwar cuta: ƙarfen ya zube a hankali ya bar gawayin a tsaye, bututun yana nan da siffarsa, amma wuƙa za ta iya fere shi, ranar da ruwa ya matsa sai ya fashe.

Ana iya yi masa rigar tutiya, sai dai ya fi wuya. Yashin ƙira da ya manne masa asid ba ya cire shi, gawayin kuma yana barin baƙin dauɗa da ke hana tutiya kamawa, don haka sai an fara feshe shi da tsakuwar ƙarfe ya fito fes. Idan wani ɓangarensa ya fi wani kauri sosai, zafin kwami na iya tsaga shi. Silikon ɗin da ke ciki kan sa rigar ta fito da duhu da kaushi, wanda ba aibi ba ne. Ƙananan mahaɗan bututu, su gwiwa da soket, tsoma su ake yi. Manyan bututun ruwan gari kuwa feshin tutiya ake yi musu, yawanci gram 200 a murabba'in mita, a bi da baƙin shafe mai kama da kwalta, cikinsu kuma a shafe da siminti. Tukunya da kaskon zubi na girki ba a yi musu wannan riga, mai da wuta ne kariyarsu.

## Inda tutiya ba ta da ƙarfi

Tutiya tana zaune lafiya ne idan ma'aunin tsami na pH yana tsakanin wajen 6 da 12. A ƙasa da haka narkewa take yi. Wannan ya shafi miliyoyin mutanen karkara ta hanyar famfon tuƙa-tuƙa. Samfurin India Mark II, wanda ya cika ƙauyukan Afirka, an saba haɗa shi da bututu da sandunan ƙarfe masu rigar tutiya. Tun shekarun 1980 binciken da aka yi a Yammacin Afirka ƙarƙashin shirin Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ya nuna cewa inda ruwan ƙasa yake da tsami, ƙasa da pH 6.5, waɗannan bututu ba sa daɗewa. Alamar a bayyane take: ruwan farko da aka buga da asuba ya fito ja, yana ƙarnin ƙarfe, farin kaya ya yi tabo, shayi ya koma baƙi ƙirin, tuwo ya sauya launi. Mata su gudu su koma rafi ko tsohuwar rijiya, ana cewa ruwan wurin ne ba shi da kyau, alhali sau da yawa bututun ne ke narkewa a ciki. Ƙarshe ya huje ko ya tsinke ya faɗa rami. A 2016 gwamnatin Uganda ta dakatar da sa irin wannan bututu a famfunan tuƙa-tuƙa, aka koma ga ƙarfen da ba ya tsatsa da roba mai ƙarfi. Gwajin tsamin ruwa aikin minti kaɗan ne, bai kamata a zura bututu a sabuwar rijiyar burtsatse ba tare da shi ba.

A bututun gida, lalacewa takan fara daga bakin zare, inda mai aikin famfo ya yanke rigar, sannan cikin ya riƙa toshewa da tsatsa har ruwa ya ragu. Ruwan zafi da ya wuce digiri 60 yana iya juya lamarin, tutiya ta daina kare ƙarfen. Tsofaffin bututu kuma rigarsu kan ƙunshi ɗan dalma, wadda guba ce. Haka nan bai dace a jiƙa zoɓo ko tsamiya, ko a ajiye nono da kunun tsamiya a bokiti ko baho mai rigar tutiya ba, tsamin yana narkar da ita cikin abin sha, ta jawo amai da ciwon ciki. Jiki yana buƙatar tutiya kaɗan, likitoci ma suna ba yara ita idan suna gudawa, amma wannan awo ne na magani.

## Masu walda da farin hayaƙi

Tutiya tana tafasa a digiri 907, wutar walda kuwa ta ninka haka. Idan mai walda ya ɗora wuta kan bututu mai riga, farin hayaƙi ne ke tashi, wanda ya shaƙe shi da yawa kuma bayan wasu awoyi, yawanci da dare, sai zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon gaɓoɓi su rufe shi, bakinsa yana ɗanɗanon ƙarfe. Yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma da sauƙi a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta shan maganin da ba nasa ba. Madarar da ake ba yaran shago su sha bayan aiki ba ta hana shi, domin hayaƙin huhu yake shiga. Abin da ke hanawa shi ne a gurje rigar santimita kaɗan a kowane gefe kafin a fara, a yi aikin a fili iska tana kore hayaƙin daga fuska, a sa abin rufe hanci na gaske. Haka ragar waya mai riga ba ta dace da gashin nama ba.

Bayan walda, wurin da aka ƙona ya zama tsirara, daga nan tsatsar ƙofa ko tankin za ta fara. Fentin azurfa da ake shafawa don launi ya saje ba ya fansar komai. Na gyara shi ne mai garin tutiya, wanda ake gane shi da nauyin gwangwaninsa, sai an goge wurin ya yi fari, a shafa da kauri.

Ga manyan ayyuka kamar turakun fitilun sola, da ƙafafun tankin ruwa, da shingen gefen titi, matsalar takan faro daga takardar kwangila, inda ake rubuta cewa ƙarfen ya kasance mai lulluɓin tutiya kawai, ba a faɗi hanya ko kauri ba. Da wannan rubutun, wanda ya kawo shafen lantarki mai maikiron 8 ya cika sharaɗi daidai da wanda ya kawo tsomi mai 85. Akwai ɗan na'urar maganaɗisu da ke shiga aljihu, a ɗora ta kan ƙarfe ta nuna kaurin rigar nan take ba tare da ta ɓata komai ba. Injiniyan da zai sa hannu a biya ɗan kwangila ya kamata ya riƙe ta, haka ma ƙungiyoyin masu sayar da kayan gini za su iya ajiye guda a kasuwa, duk mai sayen bandir da ya so a auna masa falle a gabansa kafin ya ƙirga kuɗi.